Yadda Zama Ya Juya a Zamfara: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sauyin Al'umma

Duk majalisar da aka zauna a Gusau, ko teburin mai shayi a Ƙauran Namoda, ko rumfar kasuwa a Shinkafi, hira ba ta yin nisa sai wani ya ce duniya ta juya. Dattijo ya ce yara sun daina jin magana, saurayi ya ce manya sun cinye komai ba su rage musu ba, uwa ta ce aurar da 'ya ya zama tashin hankali. Kowa da gaskiyarsa. Na tattaro tambayoyin da suka fi tasowa a irin wannan hira, na amsa su da abin da ya faru a ƙasarmu ta Zamfara, tunda a nan muka gani da idonmu.

Me ake nufi da sauyin al'umma?

Ba kowane sabon abu ake nufi ba. Ɗinkin da ake yayi bana, baɗi an manta da shi. Abin da ake nufi shi ne juyawar tsarin da zaman mutane ya ginu a kai: wa ke da gona, wa ke ciyar da gida, wa ke raba gardama in an saɓa, yaushe ake aure, maganar wa ake ji a gari. Gidan da a da ake ɗora tukunya ɗaya don mutum talatin, yau kowane ɗa da matarsa da murhunsu, wannan gida ya sauya ko da zaurensa da katangarsa suna nan yadda kakanni suka bar su.

A zamaninmu aka fara wannan juyi?

Ko kusa. A ƙarni na 18 Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, suka kafa mulkinsu a Alƙalawa, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a garuruwan Zamfara kafin jihadin 1804, kuma jihadin ya sauya sarauta da shari'a, ya haifar da sababbin garuruwa irin su Gusau da Ƙauran Namoda. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka kafa harajin da sai da tsabar kuɗi ake biya, abin da ya tilasta wa manomi shuka auduga da gyaɗa don sayarwa. Da layin dogo ya ratsa Gusau ya dire a Ƙauran Namoda a 1929, sai ga kamfanonin sayen amfanin gona, ga Yarbawa, ga Ibo, Sabon Gari ya kafu, Gusau ta zama garin ciniki. Bambancin namu da nasu sauri ne. Abin da a da sai kaka ya fara gani jika ya ƙarasa, yanzu mutum ɗaya yana ganin farkonsa da ƙarshensa kafin furfura ta fito masa.

Mene ne babban abin da ke kawo sauyi a wurinmu?

Mutane sukan fara da waya da fina-finai da boko. Ni kuwa da ƙasa zan fara, ƙasar noma, domin taken jiharmu ma noma ne abin alfaharinmu. Ƙidayar 1963 ta nuna mutanen Najeriya miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 ta nuna miliyan 140, yau ana ƙiyasin sun haura miliyan 200. A waccan ƙidaya ta 2006 Zamfara kaɗai tana da mutum sama da miliyan 3. Jama'a ta ninka, gona kuwa ba ta ƙaru da taku ɗaya ba.

Mutum ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya goma, a raba gado yadda shari'a ta tsara, kowa ya ɗauki rabonsa. Bayan shekara talatin kowannensu ya bar nasa 'ya'yan, a sake rabawa. Abin da ya kai ga jika bai fi ya yi masa dami goma ba, alhali gidansa na cin fiye da haka kafin rani ya raba. A da ana barin gona ta huta shekara biyu ko uku ta maido ƙarfinta. Yanzu wa ke da wata gonar da zai koma? Ƙasa ta gaji, sai da takin zamani, takin kuma sai da kuɗi. Ga farin 1973 da na 1984 da suka karya gidaje da dama, suka kashe dabbobi, suka koya wa mutane barin gida. Manomin da gonarsa ta gaza, daji zai sara, ko ya ɗan matsa cikin burtali, ko ya tura ɗansa birni. Kusan duk sauran abubuwan da za mu tattauna a ƙasa, in ka bi saiwarsu, nan za ta kawo ka.

Me ya kashe gandu? Ba rashin biyayyar yara ba ne?

Kafin a ɗora wa yara laifi, a tuna yadda gandu yake. 'Ya'ya da ƙanne suna aiki a gonar maigida tun safe har azahar, da yamma kowa ya koma gayaunarsa. Shi kuma maigida ya ciyar da kowa daga rumbunsa, ya biya musu haraji, ya yi wa yaro auren fari, ya sayi ragon suna. Ba-ni-in-ba-ka ne. Ran da rumbu ya daina kai gida kaka, kuɗin aure kuma ya fi ƙarfin abin da gona ke bayarwa, maigida ya kasa cika nasa ɓangaren ba da son ransa ba.

Kowa ya san yadda abin ke kasancewa. Yaro ya jira an idar da sallar isha'i, ya durƙusa a bakin tabarma ya ce, "Baba, ina neman izini in tafi nema, in ruwa ya sauka zan dawo." Uban ya yi shiru, ya san ba shi da abin da zai riƙe shi da shi, sai ya ce, "Allah ya ba da sa'a, ka riƙe salla, ka kiyayi kayan mutane." Cin rani tsohon abu ne a ƙasar nan, amma na da yana da lokaci: a tafi bayan kaka, a dawo kafin shuka. Na yanzu sai yaro ya shekara a Abuja ko Legas ko Fatakwal yana acaba, ko gadi, ko turin ruwa, sai da salla a gan shi, wani lokacin ma sai dai ya turo kuɗi a karɓa wurin mai POS.

Abin da ya biyo baya yana da yawa. Gayya ta ja baya, ƙwadago ya maye gurbinta, wanda ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago ciyawa ta cinye masa gona. Tsofaffi sun rasa masu kula da su a kusa. Maganar uba ta rage nauyi, domin hannun da ke ciyarwa ya koma na ɗa. Sai dai a faɗi gaskiya, akwai waɗanda suka sami sauƙi: ƙanen da ya shekara ashirin yana bauta wa wan da ba ya adalci, yau yana iya tsayawa da ƙafarsa.

Ayyukan raya ƙasa na gwamnati fa, ba alheri suke kawowa ba?

Suna kawowa, amma ya danganta da yadda aka zo da su. Madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara da Maradun, ita ce babban misali. An kammala ta a 1978 da nufin noman rani a dubban hekta. Ruwan ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka tashi mutane, aka hana wasu shuka shekaru ana gyaran fili, batun diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane, aka ƙona gidaje, kuma har yau adadin da hukuma ta bayar da wanda mutanen yankin ke faɗa sun yi hannun riga. Waɗanda ke ƙasan madatsar su ma sun ji a jikinsu, domin ambaliyar da ke shayar da fadamunsu duk shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya.

Yau akwai dubban gidaje da ke cin abinci daga ruwan Bakolori, shinkafa da tumatir da albasa, ba mai musun haka. Abin da nake so a lura da shi shi ne an zana aikin a ofis, ba a zauna da masu ƙasar ba, kuma su suka biya farashinsa da gonakinsu da rayukansu.

Yaya zinare ya sauya ƙauyukanmu?

An daɗe da sanin akwai zinare a ƙasar Anka da Bukkuyum da Maru, amma da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya wajen 2009, sai samari suka ajiye fartanya suka shiga rami. Abin da mutum zai samu a mako ya fi na damina guda. Babura suka yawaita, aka yi rufin kwano, aka yi aure.

Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma. Ana kawo shi cikin gida a farfasa, a niƙa, wani lokacin da injin da ake niƙa hatsi, mata suna taya aiki a tsakar gida, ƙura tana sauka a ƙasan da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, daga baya aka gano Bagega ma ta kamu. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega ma bai samu ba sai 2013. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba. Sana'a ce ta shigo musu babu wanda ya gaya musu haɗarinta, babu hukumar da ke duba ta. Daga baya kuma ramukan suka ja hankalin masu bindiga, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019.

Matsalar 'yan bindiga ita ta kawo sauyin, ko sauyin ne ya haife ta?

Da farko sauyin ne ya haife ta, daga baya ita ma ta haifi nata. Zaman manomi da makiyayi yana da tsari. Bayan kaka Bafulatani ya sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba shi dami. Matar Fulani ta kawo nono da man shanu, ta koma da hatsi. Burtali sananne ne, mashaya sananniya ce. In shanu sun yi ɓarna, dagaci da arɗo su je su duba, a kimanta, a biya. Gwamnatin Jihar Arewa ma ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965.

Sannu a hankali igiyoyin da suka ɗaure wannan zama suka tsintsinke. Takin zamani ya rage wa manomi buƙatar kashin shanu. Kara da harawa suka zama kayan sayarwa. Noman rani ya mamaye fadamun da shanu ke kiwo da rani. Aka nome burtali, aka yanka manyan filaye daga dazuzzuka aka ba masu hali. Makiyayin da ƙara ta kai shi gaban hukuma yakan fito da asarar saniya ko biyu, tsakanin tara da na goro. Satar shanu ta ƙaru, kuma makiyaya ta fara cinyewa, ta bar samari babu garke, babu karatu, babu gona. A ɗaya ɓangaren manoma na fama da fashi da sata ba mai kare su, sai suka kafa 'yan banga da 'yan sa-kai, wasu daga cikinsu suka riƙa kashe mutum a tsakiyar kasuwa ba bincike ba shari'a. Ramuwa ta biyo ramuwa. Makamai suka kwararo ta hamada bayan rushewar Libiya a 2011, ga babur, ga waya. Kisan 'Yargaladima a ƙasar Ɗansadau a watan Afrilun 2014, inda aka hallaka mutum fiye da 100 a wuri ɗaya, ya nuna inda aka kai. Daga nan garkuwa da mutane ta zama sana'a mai cin gashin kanta, wadda ba ta tambayar ƙabila.

Bayyana sanadi ba wanke mai laifi ba ne. Wanda ya kashe rai ko ya sace mace, laifinsa na wuyansa duniya da lahira. Amma wanda bai san ta inda cuta ta shigo ba, maganinsa ba zai daɗe ba.

Me rashin tsaro ya sauya a cikin gidaje?

Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 mata kusan 5,000 sun zama zawarawa, yara sama da 25,000 sun zama marayu, mutum sama da 190,000 sun bar gidajensu. Tun daga lokacin abin ƙaruwa ya yi.

Ƙauyuka sun watse sun kwararo Gusau da Anka da Shinkafi da Tsafe. Matar da ba ta taɓa fita ƙofar gida ba sai da dalili, yau tana kwana a kango da 'ya'ya biyar, da safe ta fita neman wankau ko bara. A wurare da dama sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake biya kafin girbi. Kuɗin fansa yana sa a sayar da shanu, sannan gona, ta haka ƙasa ke barin hannun talaka tana komawa hannun mai kuɗi ba tare da an ji ƙararta ba. Sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021 ya sa iyaye da dama, waɗanda da ƙyar aka shawo kansu tun farko, suka janye 'ya'yansu daga makarantun kwana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarda. Mu mutane ne da baƙo ke sallama a zaure a kawo masa ruwa da fura kafin a tambaye shi daga ina. Yau baƙo abin tsoro ne, maƙwabci ma ana zarginsa da kai rahoto daji. Dandali ya mutu a ƙauyuka da yawa, ba gaɗa, ba kiɗan kalangu da dare, biki ma a gaggauce ake yi a watse kafin la'asar.

Waya alheri ce ko sharri?

Tun da wayar hannu ta shigo a 2001 ta taɓa komai. Manomi yana jin farashin wake a kasuwar Dawanau ta Kano kafin ya ɗora buhu a mota. Ɗan cin rani yana jin muryar mahaifiyarsa kullum. Sana'o'i sun fito waɗanda iyayenmu ba su san su ba: cajin waya, gyaranta, POS. Da ita kuma ake cinikin fansa, da ita jita-jita ke zaga jiha kafin a idar da salla, da ita zance ya tashi daga ƙofar gida inda iyaye ke gani ya koma ƙarƙashin bargo. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar a watan Satumban 2021, aka kuma rufe kasuwannin mako, mutane sun riƙa shiga mota zuwa jihohin maƙwabta don kira ɗaya ko tura kuɗi. A nan aka gane cewa ciniki da zumunci duk sun riga sun hau kanta.

Me ya sa maganar sarakuna da hakimai ba ta da ƙarfi kamar da?

Domin an zare musu kayan aiki. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, sarki yana da 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da haraji. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulki ga ciyaman da kansiloli. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Aka bar wa sarki rawani da girma, albashinsa da kujerarsa kuma suna hannun ɗan siyasa.

Ba na cikin masu cewa zamanin En'e aljanna ce. An yi aikin tilas, an yi zaluncin haraji, talakawa ba su yi kukan banza ba. Amma mai unguwa na wancan lokaci ya san duk baƙon da ya kwana a unguwarsa, dagaci kuma yana kashe rigimar gona a yini ɗaya. Abin da aka kawo a madadinsu yana da nisa, yana da tsada, kuma ba ya kwana a ƙauye. Kamar mutumin da ya rushe tsohon ɗakinsa kafin ya gina sabo ne, damina ta same shi a fili. A ganina nan ne mafi yawan ɓarnar sauyi take fitowa, a gandu, a burtali, a sarauta: tsohon tsari ya faɗi, ba a tsayar da wani a gurbinsa ba.

Shari'ar da aka ƙaddamar fa, me ta sauya?

Zamfara ce jiha ta farko da ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, aka yi shela a Gusau a watan Oktoban 1999 zamanin Gwamna Ahmad Sani, ta fara aiki a Janairun 2000, wasu jihohi 11 suka biyo baya. Jama'a sun tarbe ta da zuciya ɗaya domin sun gaji da rashin adalci. An rufe mashaya da gidajen caca, an kafa Hisba da hukumar zakka da waƙafi, Islamiyyu sun bunƙasa, matan aure da yawa sun koma karatu. Inda aka gaza shi ne ɓangaren da ya fi wuya: amanar dukiyar jama'a, haƙƙin maraya, adalci tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi. Wannan gazawar masu riƙo ce, kuma talaka ya lura da ita.

Me ya sa aure ya yi tsada, kuma yake saurin mutuwa?

Sadaki bai taɓa hana kowa aure ba. Abin da ke karya mutane shi ne lefe, da kayan ɗaki, da gara, da gasar da ta shiga cikinsu. Akwati ya ƙaru, gado da kujeru sun zama dole ko a ƙauye, uba ya sayar da gona don kada a yi da 'yarsa a gidan miji. Tunda gandu ba ya ɗaukar nauyin auren fari, saurayi shi kaɗai zai tara, sai aurensa ya yi ta ja. In an yi kuma, ango da amarya suna zaune a ɗakin haya nesa da manyan da a da ke kashe wutar rigima tun tana ƙarama.

Rayuwar mata ta sauya ta wasu fuskokin da ya kamata a yaba. Injin niƙa da famfo sun rage musu daka da jan guga. Mace na cikin ɗakinta tana sayar da turare ko atamfa ta waya, tana zubin adashi. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, ta fitar da malamai masu yawa. Karatun mata kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun tsarin 'yan taru na Nana Asma'u ake bin mata har ƙauyukansu da ilimi. Duk mai son likita mace ta duba matarsa, sai ya yarda wata 'yar ta yi karatu.

Boko ne ya lalata tarbiyya?

Yaran da suka fi shiga hatsari a jihar nan ba waɗanda suka yi boko ba ne, waɗanda ba su sami kowane irin karatu ba ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makaranta ƙauyuka, amma da yawa sun koma ajin da ba malami ba rufi. Makarantar allo ita ma ta sauya. A da malam yana da gona, almajirai kaɗan ne, unguwa na ciyar da su. Yau an jibge yara a birni inda kowa ke fama da kansa. Wanda ya daure ya gama karatu kuma ya tarar masaƙar Gusau da sauran masana'antun da suka ɗauki iyayensa aiki sun rufe. Zaman banza shi ke kai yaro ga ƙwaya, abin da ya kai gwamnatin tarayya ga hana maganin tari mai kodin a 2018.

Tsadar rayuwa tana cikin wannan lissafi?

Sosai. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya sa an rage zuwa gaisuwar mutuwa da suna, sai a yi ta waya. Kwanon tuwon da ake miƙa wa maƙwabci ya ƙanƙance. Zumunci yana buƙatar ɗan abin hannu, in babu sai ya yi rauni ko da zukata na so.

To, babu wani alheri da sauyin ya kawo ke nan?

Akwai, kuma rashin godiya ne a manta. Agana da ke kashe yara tana huda fuskoki ta tafi. Kurkunu da ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, an tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013. A 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar shan inna. Kafin 1996 duk takardar da ta shafi gwamnati sai an tafi Sakkwato, yau Gusau ce. Akwai jami'ar tarayya a Gusau tun 2013, akwai kwalejin kimiyya da fasaha a Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Ɗan talaka yana zama likita ko lauya, abin da kakansa bai taɓa mafarki ba.

Za a iya komawa yadda ake da? In ba za a iya ba, me ya rage mana?

Ba za a koma ba. Gonar da aka raba ba za ta haɗe ba, waya ba za ta fita daga aljihu ba. Tsaro kuwa nauyin gwamnati ne, kuma dole a ci gaba da binta bashinsa ba tare da jin kunya ba.

Amma akwai abin da ke hannunmu. Unguwa ko gari na iya zama da limamai da iyaye mata su ƙayyade lefe da kayan ɗaki, masu hali su fara bi kafin a nemi talaka ya bi. Zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka, a fara da zawarawa da marayun da ke cikin garin, a rubuta sunayensu, a san wa ya samu wa bai samu ba. Masu haƙar zinare su ware wurin niƙa nesa da gidaje, su wanke jiki su sauya tufafi kafin su ɗauki yaro. Duk aikin da gwamnati ko kamfani zai kawo, madatsa ce ko ma'adinai ko babbar gona, mutanen wurin su nemi a zauna da su tun kafin a kafa turaku, a rubuta diyya a takarda da shaidu. Inda zaman lafiya ya fara dawowa kuma, hakimi da arɗo da shugabannin manoma su fita tare kafin ruwan farko, su bi burtali da ƙafa, su sa alama a inda ya fara da inda ya ƙare, su kuma amince tun rani da wanda zai kimanta ɓarna in ta faru da damina.